Neman Shibkau Mai Suna Uku

Mun tashi da asuba daga Tawa, ranar wata Litinin ta ƙarshen damina, mu uku a tsohuwar motar ma'aikatarmu: ni, da direba, da wani dattijon abokin aikina wanda ya fi kowa a cikinmu iya karatun ajami. Ko shayi ban tsaya sha ba. A cinyata akwai jaka, a cikin jakar akwai katuna uku da suka hana ni sakat wata guda cur.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce. Kowane littafi da ya shigo hannunmu, ko na gari ko na akwatunan ƙarfe da aka rarraba a ƙauyuka, ni ke rubuta masa kati: sunansa, sunan wanda ya rubuta shi, da inda yake ajiye. Bana aka ce a kwashe katunan duka a zuba su cikin ordinatar, wato kwamfuta, domin mai neman littafi ya san inda zai dosa. Shugabanmu kuma ya kafa sharaɗi: duk abin da ba a je an gani da ido ba, a soke shi, duk akwatin ƙauyen da aka tarar littattafansa sun watse, a cire shi daga jerin masu samun sababbi.

Katin farko na wani ɗan littafin boko ne na zamanin yaƙi da jahilci, mai koyar da jera duwatsu a gona don a tare ruwa. Marubuci: Chipkaou Mahamane. Ajiya: Madawa da Karofane. Na biyu na wasu takardun ajami ne na Yusuf bn Muhammad, a gidan limamin Galma. Na uku kaset ne na waƙa, a Keita, an rubuta a kansa: Isuhu Mamman, marigayi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a gindin katunan nan uku wanda ya riga ni aikin ya kwafi layin farko na kowanne, kuma duk ukun da maganar cewa ruwa baƙo ne suka fara. Ni na ce mutum ɗaya ne. Abokin aikina ya ce uku ne, wai ai Yusufu ɗan Muhammadu a ƙasarmu ta Adar ya fi tsakuwa yawa. Da wannan musun muka shiga mota.

Hanyar Madawa kwalta ce, sai dai damina ta ɗan cinye ta nan da can, direba yana ta kaucewa ramuka yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar tsofaffin abokai. Gari ya waye mana a Badagishiri. Ko'ina ka duba gero ya nuna, an fara yanka, amalanken jakai na ta wucewa da dammuna har suna rangaji. A Galmi muka tsaya karin kumallo: shayi da madara da burodi, dala arba'in kowa ya ƙoshi. Albasa kuwa ta yi tsada, don ta bara ta kusa ƙarewa, sabuwa ba ta fito ba. Na taya wani ƙaramin buhu, mai ita ya faɗi kuɗi, na ce Allah ya ba da kasuwa, na ja ƙafata.

A bakin gari allo ya ce Madaoua, mu kuwa muka ce mun iso Madawa. Na nuna wa abokin aikina allon na ce ga shi nan, gari ma da ba ya motsi suna biyu gare shi, bare ɗan Adam.

Ɗakin karatun Madawa ɗaki ɗaya ne mai tsabta, wata matashiya ke kula da shi. Muka duba layin C daga sama har ƙasa, babu Chipkaou. Muka duba M, babu. Sai matashiyar ta ce mu dakata, ta je can ƙarshen kanta ta zaro shi daga layin T. Ashe wani ya taɓa manna masa takarda a baya ya rubuta Tchipkao, shi ke nan littafi ya yi ƙaura shekara da shekaru ba wanda ya sani. Ɗan siriri ne, shafinsa bai fi ashirin ba, da zanen wani mutum sunkuye a kan layin duwatsu. Na ɗauki hotonsa da salula, na ƙara wannan sabon rubutun sunan a bayan kati. Kafin mu fita gari muka sayi kilishi, wanda kowa ya san Madawa da shi, ni kuma na ƙara da tabarma biyu masu jan baki. Direba ya ce in haka za mu riƙa yi, kafin Keita sai mun hau rufin mota.

Daga Madawa zuwa Galma mun bar kwalta, muka hau burji. Liman ya karɓe mu a zaure, aka kawo hura mai sanyi a ƙwarya, da nono har yana tsinka harshe. Da muka faɗi abin da ya kawo mu, ya shiga ciki ya fito da wata gafaka ta fata da ta yi baƙi don tsufa. Abokin aikina ya goge hannu a riga, ya sa tabarau, ya fara buɗe takardun a hankali. Baitoci ne na Hausa da ajami, tawada ta koma ruwan ƙasa amma tana karantuwa. Ya yi ta bi yana gyaɗa kai har ya kai shafin ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa. Nan ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

Na ce, "Malam, me ka gani?"

Ya karanta da ƙaramar murya: "Ya ƙare da hannun Yusuf bn Muhammad, wanda aka sani da Shibkau."

Ni dai na ɗauki ludayi na ƙara hura. Direba ne ya kasa daurewa, ya fita waje ya yi dariyarsa. Liman ya ce shi yana yaro ya san Shibkau, amma ya tafi biɗa, wato ci-rani, Abijan da daɗewa, danginsa kuma sun watse daga Galma. An ce ya rasu can, an kuma ce an gan shi wajen Buza. Shi dai Allah ne masani. Na rubuta wurin ajiya dalla-dalla: Galma, gidan liman, gafakar fata, takarda goma sha ɗaya. Shibkau kuwa shi ne Chipkaou a rubutun Faransanci, don haka biyu sun haɗu, saura na kaset.

Mun isa Karofane bayan azahar. Akwatin littattafan yana ɗakin ajiya na lakwal, wato makarantar boko, kuma malamin da ke riƙe da makullinsa, wanda kowa ke kira mushe, ya riga ya ji labarin sharaɗin shugabanmu, don haka fuskarsa ba walwala. Muka zauna muka bi katuna ɗaya-ɗaya. Gara ta taɓa biyu, ɓera ya ɗanɗana ɗaya, amma duk suna nan, sai guda: littafin Shibkau. Mushe ya sosa ƙeya ya ce kada in rubuta ya ɓace, don Allah. Ya ce yara sun fi shekara suna karanta littattafan nan har sun haddace su, kullum tambayarsa suke yaushe sababbi za su zo. Littafin kuma bai ɓace ba, yana wurin Inna Hajo. Na ce to a karɓo mana. Ya yi wata irin dariya ya ce, "Madam, sai dai ki je da kanki."

A masussuka muka same ta, cikin mata, ana ta casar gero ana waƙa. Tsohuwa ce gajera, kakkaura, muryarta ta fi ta kowa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mata ni ce mai rubuta inda littattafai suke.

Ta ce, "To rubuta: shina nan gare ni."

Ta jawo wata jakar kaba da ke rataye a reshe, ta kwance ɗankwali, ta kwance leda, ga littafin. Ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma, an ɗinke bayansa da zare. Ta ce da shi ta koyi karatu tana da goyon ɗanta na uku. Da shi ta jera duwatsu a fakon da mijinta ya bari don ba ya ba da komai, ga shi yau geron da suke sussuka daga can ya fito. Yanzu ita ke zagaya ƙauyuka huɗu tana karanta wa mata, ranar Talata nan, ranar Juma'a can.

Na ce, "Inna, doka ta ce littafi ya zauna a akwati."

Ta ce, "Ɗiyata, waɗanda sunka zamna cikin akwati, wa ya karanta su in ba gara ba?"

Na zauna a kan turmi na yi ta jujjuya kati. Gurbin ajiya wuri ɗaya yake so, littafi kuwa yana da ƙafa. Can na rubuta: Karofane, akwatin lakwal, an gani da ido, aro na dindindin a hannun Inna Hajo, a tambaye ta. Na karanta wa mushe, wanda ya biyo bayanmu, ya sauke ajiyar zuciya, ya ce Allah ya yi mini albarka har sau uku.

Muna shirin tashi na ce da ita, Allah ya ji ƙan wanda ya rubuta shi, don muna zaton ya rasu. Ta saki taɓarya.

"Wa? Shibkau? Shibkau da nig gani kasuwar Buza wancan mako shina cinikin akuya? In ya mutu, to bayan nan na. Shina Alakai wurin ɗiyatai."

Ta ce ta san fuskarsa, an taɓa nuna mata shi, amma kunya ba ta taɓa barinta ta yi masa magana ba. Na ce gobe za mu Alakai, ko za ta raka mu? Kafin in rufe baki ta riga ta aika a ɗauko mata gyalenta.

A Buza muka kwana, ni da Inna Hajo a gidan wata ƴar'uwar mushe, inda aka yi mana tuwon gero da miyar kuka mai man shanu. Da safe muka kama hanyar Alakai. Wanda bai taɓa bin ƙasar nan ba, dutse ne a kan dutse: ka hau tudu baƙi ƙirin kamar an ƙona shi, kana gangarawa sai fadama ta buɗe kore shar, da layukan bedi, wato dogon yaro, a jere, da dawa ta fi mutum tsayi. A wata korama motarmu ta nutse cikin rairayi har ciki. Muka sauka. Wasu masu yankan gero suka bar aiki suka zo, aka sa kara a ƙarƙashin taya, aka tura. Inna Hajo ba ta tura ba, amma ita ta ba da umarni daga farko har ƙarshe. Da mota ta fita, muka raba musu sauran kilishi, suka cika mana bayan mota da zangarniyar gero ta tumu.

A Alakai na tambayi wani mai tebur gidan Isuhu Mamman, ya ce akwai su huɗu, wanne? Na ce Yusufu. Ya ce bai sani ba. Inna Hajo ta leƙo ta taga ta ce, "Shibkau!" Mutum uku suka nuna hanya ɗaya a tare.

A gona muka iske shi, zaune a inuwar wata bagaruwa, yana kallon ana ɗaurin dammuna. Dogon tsoho ne siriri, gemu fari fat, idonsa ya fara hazo amma kunne garau. Matarsa tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Gonar kuwa, daga sama har ƙasa layukan duwatsu ne a kwance kamar an ja su da igiya. Bayan gaisuwa mai tsawo, na fito da katunan na karanta masa sunan da ke kan na farko, ya ce shi ne. Na biyu, ya ce shi ne, yana saurayi ya rubuta. Na zo na uku na yi jim, don ban san yadda ake gaya wa mutum cewa ya mutu ba. Abokin aikina ya karɓa ya karanta: "Isuhu Mamman, marigayi."

Tsoho ya kece da dariya har da tari. Ya ce, "Har yanzu ban tashi ba ke nan can wurinku?"

Ya ba mu labari. Ya yi shekara goma sha biyu a Abijan ba wasiƙa. Wani mai irin sunansa, shi ma ɗan wajen Galma, ya rasu a can, labari ya iso gida a karkace. "Har sadakata anka yi," in ji shi, "ko gumba guda ba a aje min ba." Waƙar kaset kuwa shi ya rera ta, wata rana a Keita, lokacin da mata ke ɗaukar dutse a ka suna gyaran tudu.

Na bayyana masa ƙa'idar aikinmu: suna ɗaya ake sawa a sama, sauran a jera su a ƙasa, ta yadda duk wanda mai nema ya buga zai kawo shi gida ɗaya. Na ce, "Baba, wanne kake so a sama?"

Ya ce Yusufu shi liman ya raɗa masa, da shi za a kira shi ranar tsayuwa. Isuhu Mamman na takardun gwamnati ne. Shibkau kuwa uwarsa ce ta sa masa, don shi ne ɗanta na fari, bakinta bai taɓa furta sunansa na yanka ba, kuma ranar shuka ta haife shi. "Sa Shibkau bisa. Amma rubuta shi yadda muka hwaɗi nai, ba yadda mushe ya murɗe shi ba." Na juya wurin matarsa cikin raha na ce, Inna, ke wanne kike kiransa, in ƙara a kati? Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni 'kai' nika ce mai, kuma shina amsawa."

A nan ne abin da ban zata ba ya faru. Na tambaye shi ko yana da kwafin littafinsa na boko a gida, in rubuta shi a matsayin wurin ajiya na uku. Ya ce wane littafi? Shi dai ya san wani malamin yaƙi da jahilci ya zauna da shi kwana uku yana faɗa ana rubutawa, daga nan ya tafi biɗa. Bai taɓa jin an buga ba. Bai taɓa gani ba.

Inna Hajo ta jawo jakarta. Ta kwance ɗankwali, ta kwance leda, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya shafa bangon, ya kai shi kusa da ido, ya ce ba ya ganin baƙaƙen. Sai ta karɓa, ta gyara zama, ta fara karantawa da wannan muryar tata ta masussuka:

"Ruwa baƙo na, jera mai dutsi shi zamna,
In ya kwan gonarka, ba ka kwana da yunwa."

Masu ɗaurin damma suka bar aiki suka matso. Ta karanta shafi ɗaya, ya karɓe na biyu da ka, ba tuntuɓe. Ta gaya masa fakon mijinta, da ƙauyuka huɗu, da matan da ke jiranta ranar Juma'a. Tsoho ya sa gefen rawani yana goge ido yana cewa, "Ashe ya yi tahiya. Ashe ya hi ni tahiya." Ni ma sai da na juya baya na yi kamar ina neman biro a jaka. Ta so ta bar masa littafin, ya ƙi, ya ce na mai karantawa ne. Na yi alkawarin aiko masa da kwafi daga hotunan da na ɗauka a Madawa. Ba a bar mu mun tashi ba sai da aka yanka zakara. Inna Hajo ta ce ita a nan za ta kwana biyu, matan Alakai ma suna da kunne. Ranar kasuwa za ta bi mota ta koma.

Washegari muka shiga Keita ta cikin tuddai masu layin duwatsu da itatuwa, tabki yana ƙyalli a gefen gari. Kaset yana nan a ɗakin karatu, cikin kwalin sabulu, amma ba rediyon da za a sa shi. Muka zagaya kasuwa har muka samu wata tsohuwar rediyo a shagon wani tela. Tela ya hura mata iska, ya buge ta a gefe, ta kama. Wata murya ta tashi, siririya mai ƙarfi, da amshin mata a bayanta. Na kira salular ɗiyar Shibkau, na ce ta kara masa a kunne, na kusantar da tawa bakin rediyo. Ya saurara har ƙarshe. Da na tambaye shi ko ya gane mai waƙar, ya ce, "Wanga yaro shina da murya, amma gaggawa ta yi mai yawa." Tela ya yi dariya har ya soki yatsa da allura. A nan, a kan keken ɗinki, na sa biro na soke kalmar marigayi. Na sayi cuku biyu a hannun wata Buzuwa don yaran gida, muka kama hanyar Tamaske.

Mun shigo Tawa da la'asar ranar Laraba, mota cike da tabarmi da tumu da ƙura, kowa ya gaji amma ba mai son a daina hirar. Da safe na zauna gaban ordinatar na buɗe gurbi ɗaya: Shibkau a sama, a ƙarƙashinsa Chipkaou Mahamane, Tchipkao, Yusuf bn Muhammad, Isuhu Mamman, sannan Madawa, Galma, Karofane, Keita. Abokin aikina da kansa ya tsaya a bayana yana duba kada in kuskure harafi. Shugabanmu ya karanta rahoto, ya daɗe a kan layin aro na dindindin, ya yi murmushi, ya sa hannu. Akwatin Karofane ya tsira.

Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki a zaune, ina ɗaukar kati kamar shi ne gaskiya. Tafiyar nan ta koya mini cewa kowane suna da na jera a ƙasa, akwai bakin da ke kiransa, kuma in na yar da ɗaya na rufe wa wani ƙofa. Ta koya mini in tambaya kafin in kashe mutum da biro. Ta kuma koya mini cewa littafin da ba a same shi a mazauninsa ba, wani lokaci aiki ya tafi.

Ina cikin haɗa takardu sai salula ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Ina ɗauka na ji muryar da ba ta buƙatar gabatarwa.

"Ɗiyata, ke ta mai rubuta inda littahi yake? To gyara takardarki. Yau muna Buza, ni da littahin."